Kwamfutar Ilu tana bakin sito

Shekara shida ke nan da kamyo, babbar motar kaya, ya buge ƙanena Ilu a hanyar Abomey-Calavi. Nan take ya cika. Ni na wanke shi.

Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Dako na yi tun ina yaro, har na zama mai kula da siton kaya na 'yan kasuwarmu a Zongo. Ilu ne ya yi karatu. Da ya dawo daga karatu ya tarar da yadda muke aiki: ba ma rubuta suna a buhu, kowa da alamarsa da yake zanawa da gawayi. Wani kifi, wani tsani, wani zane uku da ɗigo. Bai raina mu ba. Ya zauna wata huɗu ya haɗa manhaja, ya dasa ta a cikin kwamfutar biro, wato ofishin sito. Ka zana alama, ta nuna maka buhu nawa suka shigo, suna wane lungu, wace mota za su bi. Ba ta neman rezo, wato layin intanet. In akwai wuta, akwai aiki.

Bara shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwarmu suka kawo samari daga unguwar Ganhi da tasu manhajar. Ita ba a cikin inji take zaune ba, a intanet take, sai ka buɗe shafi. Ba zan yi mata ƙarya ba: mai kaya yana can nesa a garin Malanbil yana ganin buhunansa a waya. Da Ilu na raye, na san zai ja kujera ya dube ta da kyau. Amma zai tambaye su abu biyu: ina wurin zana kifi, kuma in rezo ya ɗauke, wa ke da sito?

Tasu sai an buga suna da Faransanci. Muna da Alhaji Musa bakwai, buhun wanne ne?

Na ci gaba da shigar da kaya a ta Ilu. Suka ce sabo turken wawa. Na ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Da damina, wata Talata, rezo ya ɗauke tun hantsi. Hajiya Rabi mai albasa tana tsaye, direba na hura mata ƙaho, albasa kuwa ba ta jira.

"Baba, a ɗan yi haƙuri, shafin yana juyawa," in ji ɗaya daga cikin samarin.

"Ɗan nan, juyawar ce za ta loda mini mota?" ta ce da shi.

Na zana tsani, alamarta, a ta Ilu. Buhunanta suka fito, aka loda kafin azahar.

Ba a gode mini ba. Shugaban ƙungiya ya kira ni ya ce sito ɗaya ba ya bin littafi biyu: ko in kashe ta Ilu, ko in ajiye makullin biro. Na ajiye makullin. Kwamfutar da ma tamu ce ni da Ilu, na ɗauko ta a ka.

Ilu bai bar ɗa ba, bai bar gida ba. Abin da ya bari shi ne injin da jahili irina ke taɓawa ba tare da ya roƙi kowa ba. Ta tsufa, fankarta na kuka, na san wata rana za ta bi mai ita.

Kafin ranar, ina nan ƙarƙashin rumfar kwano a bakin sito, na jawo wuta daga shagon tela. Duk mai alama ya san inda zai same ni.