Saura Biko

Silima ta farko da na taɓa gani, a Magariya na gan ta, zamanin Faransawa, kuma raina bai yi daɗi ba. Lokacin cinikin gyaɗa ne. Wani Nasara mai sayen gyaɗa ya zo da injinsa cikin kamyo, babbar motar kaya, aka rataya farin ƙyalle a bangon kantinsa, aka ce kowa ya zo bayan magariba.

Ni da Baba mun kawo gyaɗa daga ƙauyenmu. A lokacin Inna ba ta gida. Tun farkon damina ta yi yaji zuwa Yekuwa, wurin yayanta, saboda Baba ya shuka gyaɗa a gayaunarta, ɗan filin da take zuba kuɓewa da rama tun kafin a haife ni, bai ko tambaye ta ba. A wajenmu in mace ta yi yaji, miji kan je biko, ya ba da haƙuri, ya dawo da ita. Baba ya ƙi. Wai mace mai jikoki ba ta yaji, ganin gida kawai ta tafi. Ni ne babban ɗa, har na yi aure, amma ba ni da bakin faɗa masa. Abin ya hana ni zama wuri ɗaya. Ko noma nake, sai in ga idona yana kan hanyar Yekuwa.

Muka zauna a rairayi. Da Faransanci ake maganar, don haka wani tafinta ya tsaya gefen ƙyallen yana faɗa mana abin da ake ciki, yana ƙara gishirinsa. Labarin wani tsoho ne da tsohuwarsa, sun yi furfura tare amma sun gaji da juna. Ya buɗe taga, ta rufe. Ta ajiye masa miya, ya ture, ta ɗauka ta ba kare a gabansa. Mutane suka yi ta dariya har da riƙe ciki, Baba ya fi kowa. Ya zungure ni ya ce, "Ka gani? Ko a ƙasar Nasara halin mata ɗaya ne."

Ni kuwa sai gyara zama nake, kamar tururuwa na cizona. Wanda ya shirya abin nan ya san aure, ban hana masa ba, amma na ji haushinsa. Ya sa mu dariya a kan abin da ba na dariya ba.

Can sai matar ta haɗa kayanta a akwati, ta shiga jirgin ƙasa. Aka ce, "To, ta yi yaji." Tsohon ya shiga girki, ya ƙona tukunya, ya ƙona hannu. Aka ƙara dariya, kowa na jiran ya tashi ya bi ta. Bai tashi ba. Ya zauna shi kaɗai a teburi yana kallon kujerarta, sai rubutu ya fito, haske ya ɗauke.

Babu wanda ya motsa. Mun ɗauka injin ne ya lalace. Da aka ga ana kwance ƙyallen, sai wuri ya ɗauki surutu.

"Saura biko," in ji wani dattijo. "A ƙarasa mana."

Tafinta ya ce labari ya ƙare.

"Ya ƙare yaya? Ba shi da abokai? Ita ba ta da dangin da za su zauna a kan maganar?"

Tafinta ya rantse iyakarta ke nan, Nasara ba su san biko ba. Ba a yarda ba. Wasu suka ce an ɓoye sauran ne don kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, har sai da gardi, ɗan sandansa, ya zo ya watsa mu.

A hanyar masauki Baba yana ta faɗa. "Wannan tsoho ba shi da hankali. Mace ta zauna da kai tun ƙuruciya, ka bar ta ta tafi kana zaune?"

Bayan mun koma gida Baba ya sayi goro, ya ce in ɗaura wa jakuna biyu akumari, ɗaya na Inna ne, muka kama hanyar Yekuwa. Ban taɓa jin hanya ta yi mini tsawo kamar ta ran nan ba.

A zauren kawuna Inna ta fito. Ta yi kyau, har ta ɗan yi ƙiba, abin da ya tsorata ni. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo ruwa, ta tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ba da haƙuri. Ta saurare shi har ya gama.

Ta ce, "Malam, na yafe maka tuntuni. Da ka zo ina cikin fushi, da na biyo ka. Yanzu fushin ya wuce, kuma na duba ban ga abin da zai mai da ni ba."

Ta rako mu har bakin rijiya, ta ce in gai da matata. Baba ya hau jakinsa, ni na ja ɗayan a ƙasa, don na kasa hawa.