Ranar da Kaka Ta Kira Ni Ladi

A Mpape na girma, a wani ɗaki mai rufin kwano da ke maƙale a jikin tudu, kuma wutar da muka sha tatsuniya a bakinta ba ta girki ba ce. Wutar fasa dutse ce. Kakata ta wajen uwa, wadda ta riƙe ni da ƙanwata Saratu bayan rasuwar mahaifiyarmu, sana'arta ke nan tun da ta baro ƙauyensu na tsaunukan Filato. Idan rana ta yi sanyi sai ta jera itace da tsohuwar taya a kan falalen dutse, ta cinna wuta. Zafi ya yi ta shiga har dutsen ya tsage. Kashegari a ɓamɓare shi da ƙarfe, a farfasa da guduma ya zama tsakuwa, masu tifa su zo su kwasa. Dole wani ya zauna ya lura da wutar har ta kama sosai, kuma wannan zaman shi ne sinimarmu.

Tun da yamma nake fara rawar jiki. In sha ruwa a tsaye, in ja Saratu mu haye, 'ya'yan maƙwabta biyu ko uku su biyo mu. Mukan zauna ta inda iska ke kore baƙin hayaƙin, fitilun cikin gari suna ƙyalli can ƙasa, Kaka tana gasa mana masara a ɗan garwashin da ta ware gefe. Tana da yadda take buɗewa. Sai ta yi gyaran murya ta ce, "Na hura wuta, wa ke jin sanyi?" Mu kuma mu amsa, "Mu ne, Kaka, matso da ita." Daga nan ko sauro ya cije ka ba ka da lokacin sosawa.

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, kuma in faɗi gaskiya, kaina ya fi wuyana nauyi. Ni ce gwanar haddar ayoyi a makarantar Lahadi. A ta da ni daga barci in zuba su ba gargada. Amma a aike ni ɗebo ruwa, sai na ce "na ji" sau uku ina zaune. Kaka takan ce bakina ya riga ƙafata shiga mulkin sama.

Wata Talata da yamma ta ba mu labarin Ladi. Ta ce an yi wani ƙauye a tsakiyar kogi, a kan ɗan tsibiri. Wata shekara damina ta yi ƙarfi, ruwa ya fara cin gonaki, ya doshi gidaje. A hayin kogin akwai wani mai fito, wato mai ƙetarar da mutane, yana da ƙaton gora da yake iyo da shi. Bai taɓa rasa ran kowa a ruwa ba. Dokarsa ɗaya ce: ka zo hannu wofi, ka rungumi goran da hannu biyu, shi zai yi iyon.

Duk ƙauyen babu mai yabon mai fito kamar Ladi. Ita ta tsara masa waƙa, ita ke jan baki, sauran mata su amsa. Da ruwa ya iso bakin gidaje, mai fito ya yi ta kwasar mutane ɗaya bayan ɗaya. Har wata tsohuwa da ba ta taɓa yi masa waƙa ba, mai tsoron ruwa kamar kaza, ta rufe ido ta rungumi gora tana kuka, ya ƙetarar da ita. Ladi kuwa tana bakin gaɓa tana rera waƙa tana tafi. Sai da ya rage ita kaɗai, sannan ta ruga gida ta sungumo dutsen niƙan da ta gada daga uwarta.

Mai fito ya ce ta ajiye. Ta ce ai ta san ƙarfinsa, wanda ya ɗauki gari guda ba zai gaza da ɗan dutse ba. Ya ce ba ƙarfinsa ne matsalar ba, hannuwanta ne. Ta faɗa ruwan haka nan, hannu ɗaya a kan gora, ɗaya rungume da dutse. Suna kaiwa tsakiya igiyar ruwa ta dake su, yatsunta suka fara zamewa. Ya ce, "Ladi, saki dutsen."

A nan Kaka ta tsaya. Ta ɗauki sanda ta tura wani itace cikin wuta, ta ce, "Wuta ta kama, kowa ya kwashi ɗuminsa ya tafi gida."

Muka yi mata caa. Saratu har da hawaye. Ni kuwa miƙewa na yi, hannu a ƙugu, na ce, "Kaka, ai ba za ta nutse ba. Ta ba da gaskiya gare shi. Malaminmu ya ce bangaskiya ce ke ceto, ba aiki ba."

"Malaminku bai yi ƙarya ba," in ji ta. "Ladi ta iya iyo ne? Ko kaɗan. Mai gora ne zai kai ta. Amma ke Rifkatu, in ta yarda da shi, me dutse yake yi a hannunta?"

Ranar da haushi na kwanta.

Yanzu sai in gaya muku dokar da kowane ɗan Mpape ya sani. Can sama da inda mata ke fasa dutse da hannu akwai wani kamfani da ke fasa nasa da nakiya. Kafin su tayar sai su busa jiniya mai tsawo. Da ka ji ta, ka yar da abin da ke hannunka, ka shige ƙarƙashin wani babban dutse mai kamar rumfa, sai an sake busawa ka fito. Sai dai mun saba. Kullum jiniya, kullum ƙara, ƙura ta tashi can nesa, ko 'yar tsakuwa ba ta taɓa isowa wurinmu ba. Mu yara har gasa muke yi ta wanda zai shiga rumfar a ƙarshe.

A makon nan ne Kaka ta fara ba ni ƙaramar guduma. Kwana uku ina fasawa bayan an tashi makaranta, hannuna duk ya yi bororo, har na cika daro guda da tsakuwata ta kaina. Ina alfahari da daron nan kamar na gina bene. Ranar Laraba, kashegarin labarin Ladi, wani ma'aikacin kamfanin ya sauko da jar tuta yana cewa, "Mama, oga ya ce yau ta wannan gefen za a tayar. In kun ji jiniya, kar a yi wasa." Na ji shi da kunnena. Har na ce masa "to".

Jiniya ta busa ina ƙoƙarin ɗaukar daron in kai gindin tarin Kaka. Mata suka watsar da guduma suka nufi rumfa, Kaka ta ja Saratu. Ni kuma na ce a raina taku ashirin ne kawai, in na bar shi wata za ta juye shi a cikin nata. Na cicciɓa daron zuwa ƙirjina, yana rinjayata, ina tafiya kamar agwagwa.

"Rifkatu, bar shi ki zo," in ji Kaka daga bakin rumfa.

"Na ji, Kaka, ina zuwa."

Ta sake kira, na sake cewa na ji. Sai muryarta ta canza, ta zama irin wadda take yi wa mai fito a bakin wuta.

"Ladi! Saki dutsen!"

Har yau ban san lokacin da hannuwana suka buɗe ba. Na dai ji daron ya faɗi, tsakuwa ta watse a kan ƙafafuna, na ruga. Kaka ta fito daga rumfar da tsufanta, ta cafki wuyan rigata ta wurga ni ciki, ta kwanta a kaina. Ƙasa ta girgiza. Muka ji duwatsu suna sauka a waje kamar ana jifan rufin kwano.

Da aka busa jiniya ta biyu muka fito. Wani dutse mai girman tukunyar miya ya sauka a gefen darona, ya lotsa shi ya naɗe bakinsa ciki. Mata suka yi ta kiran sunan Yesu, wata ta ɓarke da waƙar godiya, sauran suka kama, har da rawa a cikin ƙura. Ni dariya nake yi ina kuka. Ban taɓa jin daɗin numfashi irin na ranar ba.

Da yamma na ɗauka ba za a hau dutse ba, amma Kaka ta ce wuta ba ta san an tsorata ba. Muka zauna, ta ba ni masara mafi girma. Ban jira ta buɗe da tambayar sanyi ba.

"Kaka, Ladi ta saki?"

Ta dube ni ta gefen ido, tana danne murmushi. "Jiya ban sani ba, shi ya sa na tsaya. Yau na gani da idona. Ta saki."

Na ce, da ɗan sauran girman kaina, "Ai na yi gudu sosai."

"Gudun me? Ni na jawo ki kamar buhu. Ke ba ki ga abin da ke zuwa ba. Abu ɗaya kika yi, kin yarda da muryar da ta kira ki har hannunki ya buɗe. Haka Yesu yake so, jikata. Shi ya gama aikin a kan gicciye, ba ya neman ki taya shi iyo. Amma in ya ce saki, kar ki ba shi waƙa."

Kaka ta rasu ina shekarar ƙarshe a jami'a. Yanzu a Lugbe nake zaune, ina aiki a wata ma'aikata, ran Asabar kuma ina koyar da masu shirin baftisma a majami'armu. Kowace shekara sai an sami mai kaifin baki irina ya tambaya, "Anti, bangaskiya ce ke ceto ko biyayya?" Da ina ɗauka abu biyu ne da za a ɗora a ma'auni. Na daɗe kafin in gane cewa a ranar Larabar nan ban yi abu biyu ba. Sau biyu na ce na ji, kuma a duka biyun ban yarda ba tukuna. Lokacin da na yarda shi ne lokacin da daron ya faɗi.

Daron yana nan a bayan ƙofar kicin ɗina, a lotse, mijina ya gaji da cewa in ba masu gwangwan. Na sha ɗaukar wasu duwatsun tun daga lokacin, fushin da na ƙi yafewa, matsayin da na riƙe da haƙori, kuma ba kullum nake saki a kira na farko ba. Shi ya sa duk ranar Lahadi, idan muka miƙe muka ce mun ba da gaskiya, sai in tarar idona ya sauka a kan hannuwana, ina duba abin da ke cikinsu.