Bencin Mama Mai Masara

Ƙamshin gasasshiyar masara a unguwar Romi ya tuna mini da marigayi maigidana, wanda ya koya mini rubuta manhaja. Idan aiki ya cije masa, sai ya rufe kwamfuta, ya je ya zauna a bencin Mama mai masara, yana mata bayanin manhajar layi-layi, tana fifita garwashi. Can sai ya tafa hannu, ya gano kuskurensa.

Abin na ci mini rai. Matar da ko kunna kwamfuta ba ta iya ba! Rannan na ce masa, "Baba, ni fa?"

Ya ce, "Kai katse ni kake yi. Ita saurare take."

Har yau ina kishinta. Allah ya ba shi hutawa, ni kuma ya koya mini yin shiru.