Dalar Yayana da Takardar Giraf

Shekarun baya, wajen tsakiyar shekarun casa'in, ina koyar da lissafi a wata sakandare a Kafanchan, yayana da ke karatu a ƙasar waje ya aiko da 'yan daloli ta hannun wani fasto da ya dawo Kirsimeti. Wasiƙarsa gajera ce: a canza kuɗin, a sa wa gidan mahaifiyarmu da ke Fadan Kagoma rufin kwano kafin damina. Ni ya damƙa wa aikin, ba kawunmu ba, kuma kawu bai ji daɗin haka ba.

Lokacin dala hawa kawai take yi, kowa na ce min kar in yi gaggawa. Akwai wani Alhaji mai shagon atamfa a kasuwa, yana taɓa canji a gefe, kullum da safe abokansa na Kano suna faɗa masa farashi ta waya. In na tashi daga makaranta sai in biya in tambaye shi. Ana cikin haka halin malaman lissafi ya motsa, na ɗauko takardar giraf na fara ɗiga farashin kowace rana.

Daga baya na ƙara layi na biyu a ƙasa. Sai in cire farashin kwana goma da suka wuce daga na yau, abin da ya rage in ɗiga shi. Layin sama yana nuna inda dala ta kai, na ƙasa yana nuna ƙarfin da take hawa da shi. Ba wani littafin kasuwanci na karanta ba, darasin gudu ne da nake koya wa 'yan aji biyar. Maigidana ya ce na mayar masa da teburin cin abinci banki.

Bayan wajen wata biyu na ga wani abu. Dala ta ɗan sauka, ta sake tashi har ta wuce inda ta tsaya a baya. Amma layin ƙasa bai bi ta ba, tudunsa na biyu ya gaza na farko nesa. Kamar babbar motar citta ce a kan tudu: tana kan hawa, amma in ka saurari injin ka san ya gaji.

Ran Asabar kawu ya zo, na shimfiɗa masa takardar na ce zan sayar. Ko kallonta bai yi ba.

"Ke malama ce, ba 'yar kasuwa ba," in ji shi. "Abu yana hawa ki ce zai faɗi? Bari ya ƙara, har siminti mu samu."

Na ce in ya faɗi, ko kwanon ba zai isa ba. Ya ce in na ɓarar da wahalar yayana, ni zan rubuta masa da hannuna.

Ran Litinin na kai wa Alhaji dalolin. Da yake ba na son ya ce na yaudare shi, na nuna masa takardar na faɗa masa dalilina. Ya juya ta sama da ƙasa, ya yi dariya, ya ce in dai na kawo zai saya.

To, sai dala ta ci gaba da hawa. Kwana huɗu cur. Kawu ya baza labarin har zumuntar mata, wata uwa ta tare ni a ƙofar coci tana ce min in yi haƙuri, Ubangiji zai mayar. Duk da haka kullum sai na je shagon, in ji farashin da ke ba ni kunya, in dawo in ɗiga shi.

A rana ta biyar dala ta tsaya. Mako na gaba ta fara gangarowa, ta yi ta sauka har ƙasa da inda na sayar. Kafin nan na riga na sayi kwano da katako da ƙusa, kafinta ya gama kafin ruwan farko.

Wata rana ina ofishin malamai sai ga Alhaji a kan babur ɗinsa. Gaban abokan aikina ya ce, "Malama, na yi miki dariya, amma washegari na rage abin da ke hannuna. Ki nuna min yadda ake layin ƙasan nan." Na ba shi kujera da fensir. Kawu kuwa sai ya aiko min da doya.

Yanzu ina ganin matasa da waya a hannu suna neman abin nan, wai sunansa daibajans, wato layin sama ya hau, na ƙasa ya ƙi bin sa. Ina faɗa musu ba duba ba ne. Yana nuna maka ƙarfi ya ragu, ba ya faɗa maka ranar. Ni ma na sake gwadawa daga baya, sau ɗaya na sha ƙasa sosai. Abin da nake alfahari da shi har yau ba saukar dalar ba ne. Kwana huɗun nan ne, da garin duka ke cewa na yi wauta, na zauna na ɗiga kowane farashi a inda yake, ban karkatar da ko ɗaya don ya goyi bayana ba.