Sunan da Baba Tanko Bai Amsa Ba

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin bishara, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wadda muka tsaya a tsakiyar busasshen rafi a ƙasar Farin Dutse, ni da Rabaran Bulus da wani tsoho sanye da sabuwar farar riga. Ku da kuke shirin fita aiki yanzu, gara ku ji labarin daga bakina.

Bayan yaƙin basasa ne, lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa ƙasa. Ina mai bishara a ikilisiyarmu ta Birnin Kudu, ƙarƙashin Fasto Iliya. Ciwon ido ya ci ƙarfinsa, aka sallame shi ya koma garinsu ana gab da damina. Majalisar gunduma ta ce in yi riƙon ƙwarya na ɗan lokaci kafin a turo sabon fasto. Wannan ɗan lokacin sai da ya cinye damina biyu.

Bari in bayyana tsarin saboda wanda bai sani ba. Mai bishara yana wa'azi, yana koyar da ajin baftisma, yana gai da marasa lafiya, yana binne mamaci. Amma baftisma da Jibin Ubangiji, wato raba gurasa da ƙoƙo don tunawa da Almasihu, da ɗaurin aure sai naɗaɗɗen fasto, wanda aka ɗora wa hannu. A wurinmu kuma baftisma ba yayyafi ba ce, sai an nutsar da mutum gaba ɗaya cikin ruwa. Saboda haka aka ce Rabaran Bulus, sakataren gunduma, ya riƙa leƙo mu don waɗannan hidimomi. Mutum ɗaya ne da babur ɗaya, ikilisiyoyin da ke wuyansa kuwa sun fi ƙarfinsa.

Jinkirin turo fasto ba daga sama kaɗai ya zo ba. Mu ma mun taimaka. Ma'aikatan gwamnati da ke cikinmu, malaman makaranta da na asibiti, suka ce sai mai wa'azi da Turanci. Manoman ƙauye suka ce sai mai Hausa, wanda zai zauna a tabarma ya sha kunu da su. Duk sunan da gunduma ta ambata, ɓangare ɗaya ya tashi tsaye. Masu gama makarantar Littafi Mai Tsarki kuma, kowa idonsa na birni, wasu ma aikin gwamnati ya kwashe su. Ni dai ina tsakiya, kowa na yi mini kallon mai gadin gida.

Muna da ƙaramin reshe a wani ƙauye wajen Farin Dutse, can ƙasar Gwaram, rumfar kara ce kawai. A nan Baba Tanko yake. Da furfurarsa ya karɓi bangaskiya, bai iya karatu ba, amma duk abin da aka koyar a aji ya haddace shi tsaf. Fasto Iliya ya riga ya gwada shi, ya ce ya isa, sai a jira rafi ya kawo ruwa. Kafin ruwan ya zo, faston ya tafi.

Al'adarmu a lokacin, mai shiga ruwa yakan zaɓi sabon suna, fasto ya kira shi da shi yana ɗago shi. Baba Tanko ya zaɓi Saminu. Wata rana na tsokane shi na ce, "Baba Saminu, ina gajiya?"

Ya ɗaga mini hannu. "A'a, Malam. Kada ka ɓata mini shi. Sai na fito daga ruwa tukuna."

Ga inda matsalar take. Idan damina ta sauka rafi ya cika, hanyar ƙauyen ta yanke, ko keke sai an ɗauka a ka. Rabaran ya gwada zuwa, babur ya kafe a laka, ya juya. Bayan kaka akwai ɗan lokacin da hanya ta bushe kuma rafi bai ƙafe ba, amma lokacin ne na bikin godiya a manyan ikilisiyoyi da taron ƙarshen shekara, ba mai samun Rabaran. Na aika, na kuma je da kaina. Kullum amsar ɗaya ce, "Ana sane da ku." Ruwa ya zo babu fasto, fasto ya samu hanya babu ruwa.

Sai cikin bazara Rabaran ya iso. Muka yi sujada a rumfa, ya ba da Jibin Ubangiji ga waɗanda suka cancanta, Baba Tanko yana gefe yana kallo. Da aka tashi, tsohon ya shiga ɗaki ya fito da farar rigar da 'yarsa Rifkatu ta ɗinka masa tun bara. Ya wuce gaba zuwa rafi, muka bi shi, ko da yake kowa ya san abin da za a tarar. Yashi ne zalla, sai ramukan da mata suka tona suna ɗiban ruwa da ƙoƙo.

Na ce, "Baba Rabaran, a tara ruwan nan a ganga mana, a zuba masa."

Ya ce, "Malam Yohanna, ka fi ni sanin koyarwarmu. Zubawa ba nutsarwa ba ce."

Muna cikin haka Malam Buba ya iso, Bafulatani Musulmi, maƙwabcin gonar Baba Tanko. Ya ji abin da ake ciki, ya nuna gabas da sandarsa. "Akwai wani gurbi bayan duwatsun can inda muke shayar da shanu, ruwan ya kai ƙirji. In kuna so, in hana a sa dabba yau ruwan ya kwanta, gobe da sassafe ku yi abinku. Tsohon nan ya dame mu da zancen wankan nan nasa."

Rabaran ya dubi rana, ya dubi babur ɗinsa. Ba mugun mutum ba ne, na ga idonsa ya kaɗa. Ya ce gobe da safe majalisa ke zama a kan maganar fastonmu, in bai je ba za a sake ɗage ta.

Na ja shi gefe. "To, ka ba ni izini in yi da kaina gobe. Ni na koyar da shi."

"Ba a ɗora maka hannu ba," in ji shi. "In na buɗe maka ƙofar nan yau, gobe ba ni da bakin hana kowa. Ku ƙara haƙuri. Kafin ruwa ya sauka kun sami fasto, da yardar Allah."

Baba Tanko ya tuɓe rigar a nan cikin yashi, ya kaɗe ta, ya ninke a hankali ya miƙa wa Rifkatu. Ya yi wa Rabaran godiya har ƙasa. Wannan godiyar ta fi zagi yi mini ciwo.

Majalisa ta zauna, aka sake ɗage maganar, domin dattawanmu na gari sun aika cewa ba su yarda da wanda aka zaɓa ba.

Ruwan farko ya sauka, tari ya kama tsohon. Da na je dubiya, ana jin ƙugin rafi daga ɗakinsa. Ya ce, "Malam, ka ji? Ya kawo." Na ce na ji, Baba. Ya ce, "An turo fasto?" Na ce tukuna, Baba. Kafin gero ya fitar da kai ya rasu.

Ni na yi jana'iza, tunda wannan yana cikin ikona. Malam Buba da 'ya'yansa suka taya mu tonon kabari. Rifkatu ta sa masa farar rigar. Da za a rubuta suna a jikin gicciyen katako, ta matso kusa da ni ta ce, "Malam, wanne za a sa?" Dattawa suka zuba mini ido. Na tuna yadda tsohon ya ɗaga mini hannu, na ce a rubuta Tanko. Ta zauna a ƙasa ta rushe da kuka, ni ma ban iya ƙarasa addu'ar rufewa ba.

Sabon fasto ya iso bayan kakar shekarar, mai jin Hausa da Turanci, kowa ya yi murna. A rafin nan ya yi wa sauran 'yan ajin baftisma. Ina tsaye a baki ina riƙe masa tawul.

Na san abin da koyarwa ta ce, ba ruwa ke ceton mutum ba, na kuma faɗa wa Rifkatu haka. Amma ban ga ya rage mata komai ba, ni ma bai rage mini ba. Abin da na koya shi ne, idan manya suka ce a jira, ba su ne ke jiran ba. Akwai wani can a ƙauye da ya ninke rigarsa, kwanansa na ƙarewa. In aka ba ɗayanku riƙon ƙwarya, ya tambaya tun ranar farko wa ke jira, kada ya bar gunduma ta yi barci. Ni dai an ba ni ikon sa Baba Tanko a ƙasa, ba a ba ni ikon sa shi a ruwa ba.