Saƙon Ƙarya Da Na Tura Wa Makiyaya

Kafin in lalace, ni mai gyaran salula ne a kasuwar Cadakori. Ina da rumfata, ina samun na cefane, ba a taɓa kai ƙarata gaban mahaifiyata ba. Matasa, ku saurare ni da kyau.

Ina da aboki, Sanusi, wanda ya yi lakol, wato karatun boko, mai zurfi, ya iya kwamfuta. Shi ya ji a rediyo cewa gwamnati za ta tallafa wa matasa su kafa ƙananan kamfanonin fasaha. Dabararsa mai kyau ce. Duk kaka ana rikici saboda shanu na shiga gona kafin a kwashe amfani. Ya ce mu sa wakili a kowane ƙauye, in an gama girbi ya sanar da mu, mu kuma mu tura wa makiyaya saƙon murya a waya: wuri kaza an saki gonaki, wuri kaza ku dakata. Ni ke da baki, don haka ni na tsaya gaban mutanen buro, wato ofishin gwamnati, a Maradi na yi bayani. Aka ba mu tallafin, da sunana.

Da farko kaɗan na taɓa, na sayi sabuwar waya, na ce ta aiki ce. Sai babur. Sai ɗaki a Maradi da abokan shaye-shaye. Wakilan ƙauyuka suka ga ba a biyan su, suka daina kira.

Sanusi ya same ni a rumfa ya ce, "Abokina, mu tsayar da saƙon nan, tunda ba mu da labarin gaskiya. In ka ƙi, zan je buro in faɗa." Na ɗauki ƙarfen da nake tokare ƙofa da shi na maka masa a hannu. Na ji ƙarar ƙashin. Da ya faɗi na ƙara masa a haƙarƙari, na ce in ya buɗe baki sai na kashe shi. A gida ya ce babur ne ya kaɗe shi.

Da aka ce masu bincike za su zo ganin yadda aikin ke tafiya, na zauna na ƙago saƙonni da bakina, na tura wa makiyaya. Ɗaya daga cikin saƙonnin ya ce an saki gonaki a wani ƙauye kusa da Gidan Sori. Ban taɓa taka ƙauyen ba. An cire gero, amma wake yana nan kwance a gona.

Ardo Jaɓɓi, dattijon makiyayin da ya fara yarda da mu, ya ji saƙon, ya sa 'ya'yansa suka kora shanu can. Manoma suka fito da adduna da gatura, makiyaya suka zare sanduna da takubba. Kafin azahar an sare wa wani manomi hannu, an banka wa bukkokin ruga wuta, an datse agarar shanu suna ta birgima a ƙasa. Umaru, babban ɗan Ardo, aka fasa masa kai. A kan amalanken jaki ya cika, ba a kai asibiti ba.

Ranar kasuwa suka zo mini, manoma da makiyaya tare. Aka fizgo ni daga rumfa, aka yi ta duka har haƙorana suka zube, idona na hagu ya mutu. Ina jin warin fetur a jikina jandarma suka iso.

Sanusi ya ba da shaida gaban alƙali da hannunsa a karkace. Na yi shekaru a gidan kaso. A can aka gaya mini rasuwar mahaifiyata, bayan an riga an binne ta. A can kuma na koma ga salla.

Da na fito na nemi rugar Ardo. Na durƙusa na ce, "Baffa, ni ne na tura saƙon. Ka yafe mini."

Ya dube ni. Ya ce, "Na gane muryarka tun daga sallama. Umaru ya ce mini, Baba, wannan mutumin gwamnati ne, ba zai yi ƙarya ba. Ni na ce ya tafi." Ya miƙo mini ruwa ya ce, "Na bar ka da Allah. Sha ka tashi, kafin ƙannensa su dawo daga kiwo."

Yanzu dako nake yi a tasha, ina neman gafarar Ubangiji. Ku da ake kira ku karɓi tallafi, ku karɓa, ba laifi ba ne. Amma ku yi aikin da kuka ce za ku yi. In ya gagare ku, ku je ku faɗa tun da wuri, ku sha kunyarku. Ni na guje wa kunyar, aka haƙa wa ɗan wani kabari.