Ɗan Fari da Ƙwayar Masassara

Akwai wata Talata cikin watan Agusta, a daminata ta biyu da kama aiki, wadda har yau ban manta da ita ba. Mutum huɗu ne suka shigo ɗakin duba marasa lafiya a ƙaramin gidan likitan da nake aiki a gefen garin Matameye: wata dattijuwa mai suna Inna Tsahara; ɗanta Habibu, manomi, wanda kan tafi cin rani Kano idan an kammala girbi; matarsa Saratu; da ɗansu Isufu mai shekara uku, goye a bayan kakarsa. Daga wani ƙauye ta wajen Dawce suka taso a kan amalanke. Mai riƙe da gidan a lokacin ita ce Hajiya Mariyama, wadda muke kira Manjo, wato shugabar ma'aikatan jinya. Ni kuwa ƙaramin ma'aikaci ne, ban daɗe da fitowa daga makaranta ba. Ina ba da labarin nan ne saboda ƙannenmu da ke shigowa aikin yanzu.

Ya kamata in fara bayyana yadda tsarin yake. Idan aka kawo yaro da zafin jiki a damina, mukan ɗiga jininsa a kan ɗan abin gwaji, mu jira minti goma sha biyar. Idan masassarar cizon sauro ce, kuma ba ta yi tsanani ba, yaro mai nauyin Isufu yana da ƙwaya shida, biyu kowace rana har kwana uku. Ta farko dole a gaban ma'aikaci za a sha ta, sannan a zauna rabin awa a ga ko za a yi amai. Yaron da magani ya kasa shiga cikinsa ta baki, ƙa'ida ta ce a yi masa allura a tura shi babban asibiti, domin masassarar ba ta jira. Wanda ke kuka da hantsi yana iya fara jijjiga kafin la'asar. A makon da abin ya faru irin ƙwayar da ke narkewa mai ɗan zaƙi ta ƙare mana. Sai mai ɗaci ta rage, wadda ake niƙawa a dama da ruwa, ita ma a ƙirge take. Duk wadda ta zube, daga rabon wani yaron za a cike gurbinta.

Na buɗe littafin rajista na tambayi sunan yaro. Uwar ta sunkuyar da kai. Uban ya dubi bango.

Kakar ta ce, “Maigidana ne. Rubuta haka, likita. Rago ne dai, ko kuɗin cefane bai taɓa ba ni ba.”

Na ce sunan yanka nake nufi. Ta ce, “Ai yana cikin takarda.” Na tambayi sunan uba, ta nuna Habibu da haɓa ta ce, “Ga shi nan tsaye, yana da baki.” A ƙarshe daga karne, wato katin rigakafi, na kwafi sunayen duka. Na ɗauka ƙauyanci ne kawai, na wuce. Da na tsaya na yi tunani a wannan gaɓar, da abin da ya biyo baya bai faru ba.

Gwaji ya nuna masassara ce, zafin jikinsa ya haura talatin da tara. Na niƙa ƙwaya ta farko, na dama a ƙaramin kofi, na durƙusa a gabansa da murmushi kamar yadda aka koya mana. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya feso mini ita a ƙirji. Ƙofar ɗakin a buɗe take saboda zafi, matan da ke kan benci suna jiran layi suna kallon komai. Wata ta ce, “Likita ya sha magani, saura yaro.” Aka yi dariya.

Na dama ta biyu, na juya in ɗauko auduga. Kafin in waiwayo Inna Tsahara ta kwantar da yaron a cinyarta, ta matse ƙafafunsa, ta toshe masa hanci, ta juye maganin a tafin hannunta za ta yi masa ɗura. Yaron ya shaƙe, ya hau tari, idanunsa suka firfito. Na riƙe hannunta na tashe shi zaune. Na bayyana mata cewa ɗura na iya tura ruwa ta hanyar numfashi zuwa huhu, a zo da ciwo ɗaya a koma da biyu.

Ta ce, “Da ɗurar nan na raini bakwai, ga babbansu nan ya fi ka tsawo.”

Na ce, “Allah ne ya kiyaye, Inna. A ɗakin nan dai ba za a yi ba.”

Daga nan yaron ya datse haƙora. Ko inuwar kofi ya gani sai ya ƙanƙame jiki. Na dama ta uku na miƙa wa Saratu, domin a littafi an ce yaro ya fi karɓa daga hannun uwarsa. Ta karɓa ba tare da ta dube ni ba. Ba ta ɗauke shi ba, ba ta matso kusa ba. Ta miƙa hannu daga inda take zaune, fuskarta na kallon taga, ta ce da murya a bushe, “Kai, ungo.” Yaron ya miƙo hannuwa biyu wajenta yana kuka, ita kuwa ba ta motsa ba. Ya kaɗe kofin, maganin ya malale a kan siminti.

A nan raina ya ɓaci, na faɗi maganar da nake nadama. Na ce mata ban taɓa ganin uwar da ɗanta ke ƙonewa da zazzaɓi tana kallon taga ba. Na juya ga Habibu, wanda ya koma bakin ƙofa ya ba mu baya, na tambaye shi ko ɗan maƙwabta ya rako. Na zauna na rubuta a gefen rajista cewa iyaye ba su ba da haɗin kai ba, na jawo takardar tura mara lafiya babban asibiti. Habibu ya ji ana batun tafiya, ya ce a hankali, “Likita, a yi haƙuri a sake gwadawa.” Na san abin da ke ransa. Lokacin maimai ne, gero na buƙatar hannu, kwanciya asibiti kuwa tana ɗauke mutum uku daga gona. Ni kuma ina duban yaron da jikinsa ke ƙara saki.

Takardar ba ta fita sai da sa hannun Manjo, saboda haka na kai mata. Ta karanta, ta karanta abin da na rubuta a rajista, ta zare tabarau.

“Yana shan ruwa?”

Na ce yana sha, magani ne yake ƙi.

“To wannan ba kasawa ba ce, ƙi ne. Ɗanta na nawa ne?”

Na duba karne na ce na fari.

“Sunan wa aka sa masa?”

Na ce ban tambaya ba.

“Kai kuma na nawa ne a ɗakinku, Laminu?”

Na ce ni ne auta.

Ta ce, “Shi ya sa. Ku 'yan auta a cinya kuka girma, kun ɗauka kowa haka aka yi masa. Ka tara mata uwar miji, ka tara mata matan garinsu a bakin ƙofa, sannan ka ce ta rungumi ɗan fari ta lallashe shi? Ko wuƙa ka sa mata ba za ta yi ba.”

Na san kunyar ɗan fari. Na karanta ta, na ma taɓa yin bayaninta a aji: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, uba ma haka, balle idan sunan mahaifinsa yaron ya ci. Sai dai a birnin Damagaram na tashi, inda na ɗauka al'adar ta zama labari. Ta zauna a gabana awa guda cur ban gane ta ba.

Na ce, “Amma ƙa'ida ta ce a sha a gaban ma'aikaci.”

Ta ce, “Ƙa'ida ta ce ka tabbatar ya sha. Ba ta ce ka ci kasuwa a kansa ba. Niƙa ta huɗu.”

Ta fito da kanta, ta gaishe da Inna Tsahara cikin girmamawa, ta dubi idanunta ta ce, “Yaya, yaushe rabon da a auna jininki? Ba na son yadda kike haki. Taso mu je ofishina.” Tsohuwar ta dube ta, ta dubi surukarta, ta miƙe ba musu. Tana fita ta ce wa jikan, “Zauna nan da baƙin halinka, na tafi in sami wani mijin.”

Manjo ta sa na kai Saratu da Habibu da yaron ɗan ɗakin da ungozoma ke awon ciki, wanda ba kowa a ranar. Na ajiye garin maganin a kan tebur, na saki labule, na tsaya a waje na juya baya.

Can sai na ji wata murya da ban san Saratu na da ita ba, ƙasa-ƙasa, tana kiransa da wasu sunaye na lallashi da ba zan maimaita ba, domin ba ni aka yi wa su ba. Kukan ya fara sauka. Na ji ta ce wa mijin, “Miƙo gorar nan.” Na ji Habibu, mutumin da bai haɗa jimla uku a gabana ba, yana kwaikwayon kukan bijimin amalankensu, yana cewa, “Babana, bijimi ya ce idan ba ka sha ba shi zai shanye. In ba shi?” Wata ƙaramar murya ta ce, “A'a.” Aka yi 'yar dariya. Bayan kamar minti biyar Habibu ya ɗaga labule, fuskarsa ta koma yadda take da, ya ce, “An gama.”

Na shiga na duba kamar yadda aiki ya tanada. Siminti a bushe, rigar yaro a bushe, harshensa rawaya. A hannun Saratu akwai wani ɗan ƙaramin ludayi, bai fi tsawon yatsa biyu ba, an yi masa zanen ƙuna a baki. Da shi ta dama maganin cikin fura da nono, abin da ma ya fi dacewa, domin maganin ya fi kama jiki idan ya sami maiƙo. Da ta ga ina kallo sai ta yi maza ta tura shi cikin mayafi. Daga baya Habibu ya gaya mini cewa ita ta yi masa shi tun lokacin yaye, kuma ba ya shan komai mai ɗaci sai da shi. Tun daga gida yana ƙulle a gefen zanenta. Fito da shi a gaban uwar miji daidai yake da shelar cewa tana ji da ɗanta.

Muka jira rabin awa, bai yi amai ba. Na yage takardar turawa, na ja layi a kan abin da na rubuta a rajista. Na ba Saratu haƙuri. Ba ta ɗago ba, ta ce, “Ba komai, likita.”

Saura ƙwaya biyar da za a sha a gida, gidan da Inna Tsahara take. Na rasa yadda zan faɗa mata ba tare da na ci fuskarta ba. Na fara zayyana lokutan: ɗaya bayan sallar isha, sannan safe da yamma. Ta katse ni.

“Na ji, ɗan nan. Safe da yamma ai lokacin da nake kai wa awakina ruwa ke nan, ba na gida. Da isha kuma barci nake da wuri.” Ta gyara goyon da babu kowa a ciki, domin yaron na kafaɗar ubansa, ta ƙara da cewa, “Jinina kuwa lafiya lau yake, ita ma Hajiyar ta sani.” Ta nuna Habibu da haɓa. “Wancan da kake gani, sai da kowa ya tafi gona nake ba shi nono da daɗin rai. Kana tsammani yau aka fara?”

Ranar Juma'a suka dawo kamar yadda na nema. Isufu da ƙafarsa ya shigo, yana jan zanen kakarsa, takardar maganin babu ko ƙwaya ɗaya a ciki. Saratu na bayansu, fuskarta na kallon taga.

Tun daga ranar, idan aka kawo mini yaron da ya ƙi magani, kafin in niƙa komai nakan tambayi ko na nawa ne, in kuma dubi waɗanda ke cikin ɗakin. Wani lokaci aikin ma'aikaci shi ne ya rage mutane, har da kansa. Iyayen da ke zuwa mana sun san 'ya'yansu fiye da yadda za mu san su cikin rabin awa, kuma ba duk abin da suka sani ne za su iya yi a gabanmu ba. Wanda ya ga uwa ta kau da kai, kada ya yi saurin ɗaukar alƙalami.

Abin da aka yi asara a ranar: ƙwaya uku, awa ɗaya da rabi na zazzaɓi, da takardar turawa guda ɗaya.